Baƙon Malami a Tsibirin Zanzibar

Aikin malamin harshe ya rataya ne a kan abu biyu: ya faɗa a ji shi, a faɗa masa ya ji. A garinsu wannan ba wani abin wahala ba ne, domin ya san yadda ake gaisuwa, ya san abin da ke ba yara dariya, ya kuma san ma'anar shirunsu. Amma idan aka ɗauke shi aka kai shi ƙasar da ko ruwan sha bai san yadda zai roƙa ba, sai ya tarar ƙaramin yaron aji ɗaya ma ya fi shi sanin gari. Na yi shekara biyu a cikin wannan hali. Ina so in ba ku labarinsa, ku da kuke koyon Hausa, domin irin zaman da kuke yi a aji shi ne na yi a ƙasar mutane.

A shekarar 1987 gwamnatin Nijeriya ta kafa wani shiri da ake kira TAC a taƙaice. Farfesa Bolaji Akinyemi ne ministan harkokin waje a lokacin, kuma ofishin hukumar shirin yana nan Abuja. Manufarsa ita ce a taimaki ƙasashen Afirka da na yankin Karibiyan da na Fasifik da ƙwararrun ma'aikata, kamar malamai da likitoci da ma'aikatan jinya, kowane rukuni ya yi shekara biyu ya dawo. A wannan shekarar ce ita ma Japan ta fara nata shirin mai suna JET, wanda ke kawo matasa daga ƙasashen waje su taya malaman Japan koyar da Ingilishi. Baƙon malami a can sai ya saba da fara shekarar karatu a watan Afrilu, da tuɓe takalmi a ƙofar makaranta, da ganin ɗalibai suna share azuzuwansu da kansu. Kowace ƙasa da irin abin da take tanadar wa baƙo. Ni nawa rabon a Zanzibar yake.

Na yi digirina na koyar da harshe a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na kuma yi shekaru ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Abuja kafin a zaɓe ni. Na bar maiɗakina da 'ya'ya uku a Kubwa, ƙaramarsu ko yaye ba a yi mata ba. Mahaifiyata ta sa aka ɗaure mini kuka da daddawa da yaji, ta ce, "Ɗan nan, duk inda ka je ka riga mutane gaisuwa." Da wannan guzuri na tafi.

Zanzibar tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu su ne Unguja da Pemba. A ranar 26 ga Afrilu, 1964, suka haɗe da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya. Daga birnin Darussalam jirgin ruwa mai sauri yakan yi kamar awa biyu kafin ya isa Unguja, inda aka tura ni. Yawancin mutanen wurin Musulmi ne, harshensu kuwa Suwahili. Da na ji kiran salla, na ga maza da farar riga da hula, sai na ji kamar ina gida. Da na shiga kasuwa kuwa, sai na tabbata ba gida nake ba.

Abu na farko da ya zama dole in saba da shi shi ne agogo. Mu muna fara ƙidayar awa daga tsakar dare, su kuwa daga fitowar rana suke farawa. Ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, tsakar rana kuma ƙarfe shida. Wani dattijon malami, wanda ya karɓe ni hannu bibbiyu tun ranar farko, shi ya zaunar da ni ya bayyana mini. Ya ce idan shugaban makaranta ya kira taro "saa mbili", wato ƙarfe biyu, to ƙarfe takwas na safe yake nufi. Ga kuma agogon Tanzaniya yana gaban na Nijeriya da awa biyu. Saboda haka na zama mai lissafi uku a kai: lokacin da ke kan agogon hannuna, da lokacin da ke bakin mutanen gari, da lokacin da yarana suke tashi daga barci a Kubwa.

Sai kuma abinci da yanayi. Shinkafa dafaffiya da ruwan kwakwa da kifi su ne abincin kullum. Suna da tuwon masara da suke kira "ugali", wanda ya fi namu tauri. Akwai itatuwan kuka a tsibirin, amma 'ya'yan suke rinawa da jan launi, su sa sukari, yara su tsotsa kamar alewa. Da na gaya wa maƙwabtana cewa mu ganyen muke dakawa mu yi miya, sai da na dafa musu suka gaskata. Damina biyu gare su a shekara, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama wajen ƙarshen shekara. Hunturu kuwa babu shi sam. A watan Disamba, lokacin da hazo ke rufe dutsen Zuma, ni gumi nake sharcewa.

Duk waɗannan masu sauƙi ne idan aka kwatanta su da abin da na tarar a aji. A Tanzaniya yaro yakan fara karatun firamare da Suwahili, idan ya shiga sakandare sai a juya zuwa Ingilishi. A ƙarshen aji huɗu akwai jarrabawar ƙasa, kuma kusan duk takardunta da Ingilishi ake rubuta su. Ke nan yaron da bai iya Ingilishi ba zai iya faɗuwa a lissafi da tarihi da kimiyya, ko da kuwa yana da kaifin ƙwaƙwalwa. Ga ɗan masunci ko ɗiyar manomi, faɗuwar nan tana iya zama ƙarshen karatu.

An ba ni aji ɗaya, ɗalibai sun haura saba'in. Idan na shiga sai su miƙe su gaishe ni baki ɗaya, su zauna, shi ke nan. In yi tambaya, shiru. In sake ta a hankali, shiru. Suna kwafe duk abin da na rubuta a allo da kyakkyawan rubutu, amma ba mai ɗaga hannu. Ingilishin Nijeriya yana da nasa amo, kunnensu bai saba da shi ba, ni ma nawa bai saba da nasu ba. Da dare nakan zauna ni kaɗai a ɗaki ina tambayar kaina: na bar iyalina na ƙetare ƙasashe ne don in riƙa magana da bango?

A ɗakin malamai na gane ma'anar wannan shiru. A lokacin shan shayi abokan aikina sukan yi ta hira da Suwahili suna dariya. Nakan tsinci kalma ɗaya ko biyu, wani lokaci har in haɗa amsa a zuciyata, amma kafin in buɗe baki hira ta wuce, ko kuma in ji tsoron kada a yi mini dariya. Wanda ya gan ni zai ce ba ni da abin faɗa, alhali cikina cike yake da magana. Sai na ce a raina, ashe haka yaran nan suke ji awa shida kowace rana. Shirunsu ba na rashin sani ba ne, kunya ce da tsoro.

Daga nan na fito da wata dabara. Na ce da su minti biyar na ƙarshen kowane darasi su ne malamai, ni ne ɗalibi. Za su koya mini kalmomin Suwahili biyar, amma da sharaɗin su bayyana mini ma'anarsu da Ingilishi. Ranar farko wata yarinya ta daure ta miƙe ta koya mini gaisuwar manya: yaro ya ce "shikamoo", babba ya amsa "marahaba". Na maimaita, suka gyara mini, na sake, aji ya kaure da dariya. Wannan ce dariyar farko da na ji a ajin. Washegari hannuwa goma ne a sama. Tunda sun ga malami yana tuntuɓe da harshensu bai ji kunya ba, su ma sai suka daina jin kunyar tuntuɓe da wanda yake koya musu.

A cikin waɗannan mintoci muka gano cewa harsunanmu 'yan'uwa ne ta wajen aro, domin Hausa da Suwahili duk sun ɗebi kalmomi daga Larabci. Suna ce mini "mwalimu", mu muna cewa malam. Labari shi ne "habari", asuba "asubuhi", sabulu "sabuni", ashirin "ishirini", hamsin "hamsini". Kanumfari, wanda tsibiran suka yi suna wajen nomansa, "karafuu" suke ce masa. Har ma da ɗabi'ar magana: idan mutum ya gaji ko ya ji ciwo sukan ce masa "pole", kamar yadda muke cewa sannu, kuma "polepole" shi ne sannu-sannu. Akwai kuma kalmomi masu yaudara. "Kaka" a wurinsu yaya ne namiji, "kuku" kuwa kaza ce. Da na gaya musu cewa a Hausa kuku shi ne mai dafa abinci, sai wani yaro ya ce da Ingilishi, "To, a Nijeriya kuku yana dafa kuku!" Wannan ce jimlar farko da ya ƙirƙira da kansa.

Yaron nan ɗan masunci ne. Yakan zo makaranta da barci a idonsa, domin da dare yakan bi mahaifinsa teku a ɗan jirginsu na katako. Mahaifin ya fara cewa zaman aji ɓata lokaci ne. Na ce da yaron ya koya mini sunayen kifaye da na iska da na sassan jirgi, shi kuma ya rubuta mini bayaninsu da Ingilishi. Ya kawo shafi guda cike da gyare-gyare, amma duk abin da ke ciki nasa ne. Wata Juma'a bayan salla na roƙi dattijon malamin nan ya raka ni gidansu. Na tsaya a ƙofa na ce "hodi", wato sallamarsu, aka ce "karibu". Na gaida mahaifin da ɗan Suwahilin da na tara, na nuna masa takardar. Bai iya karanta ta ba, amma ya ji sunayen kifayensa a bakin baƙon da ya zo daga nesa. Ya yi shiru, sannan ya ce yaron ya ci gaba zuwa ƙarshen shekara a gani. Har na bar tsibirin yana makaranta. Ba duka aka dace haka ba. Akwai waɗanda suka bar aji ban sake ganinsu ba, kuma har yau nakan tuna da kujerunsu.

Da wa'adina ya cika na dawo Abuja, 'yar autata ta ɓuya a bayan uwarta, domin ba ta san ni ba. Sai da na yi makonni ina lallashi kafin ta yarda in ɗauke ta. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma ba kaɗan ba ne.

Yanzu Hausa nake koyarwa. A shekarar 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ƙarfafa cewa kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, wato Hausa da Igbo da Yarabanci, ban da harshen gidansu. Abuja kuwa, tun da aka dawo da babban birnin ƙasa nan a ranar 12 ga Disamba, 1991, ta zama mahaɗar jama'a. A aji guda nakan sami Gbagyi, waɗanda nan ne tushensu, da Tibi da Idoma da Nufawa da Igbo da Yarabawa da Ibibiyo. Idan na ga yaro ya sunkuyar da kai saboda ya kasa bambanta "baki" da "baƙi", ko "gashi" da "ga shi", na san abin da ke cikin zuciyarsa. Minti biyar ɗin nan ma ban bar su a Zanzibar ba. Da su na koyi gaisuwa a harsuna bakwai daga bakin ɗalibaina.

Saboda haka, ɗalibai, ga abin da nake roƙonku. Ku fara da gaisuwa, ku riƙa yin ta ga mai shago da mai gadi da mai sayar da lemo a bakin makaranta. Ku nemi kalmomin da Hausa ta yi tarayya da harshenku, za ku same su fiye da yadda kuke zato. Idan aka yi muku dariya, ku taya a yi, sannan ku tambayi daidai, domin matambayi ba ya ɓata. Idan kuma aka kawo muku sabon malami ko sabon ɗalibi daga nesa, kuka ga ya yi shiru a gefe, ku matsa kusa da shi ku koya masa kalma biyar daga harshenku.