Aljanar kan titi: Wa ke ɗaukar ran matafiya da daddare?

Duk wanda ya saba zaman tashar mota a ƙasar Hausa ya san labarin nan, ko da kuwa bai taɓa ganin komai da idon sa ba. Wai direba na cikin tafiya da tsakar dare, sai ya hango wata kyakkyawar mace cikin fararen kaya ta na tsayar da shi. In ya ɗauke ta, kafin a kai gari na gaba ta ɓace daga kan kujera, sai ƙamshin turare kawai. In ya ƙi tsayawa, sai ya gan ta ƙiƙam a tsakiyar titi, garin kauce mata mota ta ƙwace. Wasu su ce fatalwar amarya ce, wasu su ce aljana ce mai kofaton jaki, wasu kuma su rantse aikin 'yan shan jini ne. Sunan wurin ne kawai ke canzawa: yau Hawan Kibo, gobe Kwanar Dangora, jibi wata kwanar da ke kusa da garin mai ba da labarin.

A ɗauki hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi, ta ratsa Ambursa, ta nufi Argungu, tafiyar kimanin kilomita 50. Da rana babu abin tsoro a cikin ta. A Ambursa ne ma filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello ya ke, ga kuma fadamar Gulbin Rima da gonakin shinkafa. Amma da dare ya raba, duk kayan haɗin labarin fatalwa sun cika: ga duhu, ga ruwa a kusa, ga hazo in lokacin hunturu ne, ga kuma tarihi. Ƙasar nan ta sha jini. A Alwasa, cikin ƙasar Argungu, aka gwabza yaƙin 1805, inda rundunar jihadi ta yi asarar mutane masu yawa a hannun Kabawa da Gobirawa da Buzaye. Gaba tsakanin Kabi da Sakkwato ta daɗe ƙwarai, shi ya sa ma ake danganta bikin kamun kifi na Argungu na 1934 da sulhun da aka samu. To, wurin da kakanni su ka faɗi a fagen fama, in mota ta kife a kusa da shi, ai ba sai an wahala wajen neman wanda za a ɗora wa ba.

Tsallaken iyaka kaɗan, a Dogon Dutsi ta ƙasar Arewa a Nijar, irin wannan zance har ya shiga takardun masana. Wata Baturiya mai suna Adeline Masquelier, malama a Jami'ar Tulane ta Amurka, ta yi rubutu a kan sa a cikin 2002. Mutanen yankin sun ba ta labarin iskokin da ke tare motoci a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni zuwa Maraɗi da Damagaram. Abin da ta lura da shi shi ne, labaran su na da alaƙa da tarihin hanyar. Da aikin tilas Faransawa su ka sa talakawa yin hanyoyi, kuma ba a soke wannan aikin ba sai 1946. An sare itatuwa, an keta dajin da mutane su ka yi imani gidan iskoki ne. Hanyar da aka yi da gumi da hawaye, kuma ta dawo ta na cin rayuka, dole jama'a su riƙa kallon ta da ido biyu.

Turawa ma ba su tsira ba. A birnin Chicago na Amurka, tun wajen shekarun 1930 ake ba da labarin wata budurwa mai fararen kaya da ke shiga motocin samari a titin Archer, sai an zo ƙofar maƙabarta ta ɓace. Ma'abota finafinan Indiya kuwa sun san Woh Kaun Thi na 1964, wanda Manoj Kumar da Sadhana su ka fito a ciki. Da haka fim ɗin ya fara: likita na tuƙi cikin ruwan sama da daddare, ya ɗauki wata mai farin sari. Amma me ya faru a ƙarshe? Ashe duk makirci ne aka ƙulla don a haukata shi a cinye masa gado!

Babu Musulmin da zai musa samuwar aljanu, tunda sura guda ce sukutum aka saukar da sunan su. Fatalwa ce dai malamai su ka ce babu ita, domin wanda ya mutu ba ya dawowa yawo a titi. Sai dai akwai lissafin da ya kamata kowane fasinja ya riƙe. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa ta na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In direba ya yi gyangyaɗin daƙiƙa uku kacal, motar ta yi tafiyar sama da mita 80 babu mai tuƙa ta. Kuma likitoci sun tabbatar cewa rashin barci mai tsanani kan sa ido ya ga abin da babu shi. Direban da ya wuni a kan sitiyari, ya ɗora da goro da shayi, wani ma har da ƙwaya, in fitilar sa ta haska farar saniya ko buhun shinkafa a gefen titi cikin hazo, me zai hana ya ga amarya? Sannan ga taya 'yar gwanjo, ga lodin da ya wuce ƙa'ida, ga babbar motar da ta lalace aka bar ta a kan titi ba alamar komai sai ganye.

A nan ne labarin aljana ke da haɗari. Da zarar an ce ita ce, shi kenan an wanke direba, an wanke mai mota, an wanke waɗanda ya kamata su cike ramuka. Ba wanda zai kai aljana kotu. Tun 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, amma jami'an ta ba za su iya shiga kowace mota su ce wa direba ya rage gudu ba. Fasinja ne zai faɗa, kuma sau da yawa shi ne ma ke zuga direban wai ya taka, dare na yi.

'Yan fim sun fi kowa sanin zafin wannan abu. Allah Sarki Balaraba Muhammad! A cikin 2003, a kan hanyar kai ta ɗakin mijin ta a Kaduna, hatsarin mota ya yi ajalin ta. Ranar 1 ga Janairu, 2007, aka wayi gari da rasuwar Ahmad S. Nuhu a hatsari a Azare, ya na kan hanyar zuwa Maiduguri. Har yau masoyan su ba su daina jimami ba. Ga shi kuma sana'ar ta tafiya ce: yau lokeshin, gobe gala, jibi bikin abokin sana'a, sau da yawa cikin dare.

Don haka ga ƙalubale ga furodusoshi da daraktoci. Labarin mace mai fararen kaya zai yi kasuwa, ba shakka, musamman in an samu mai kyamara da ya iya ɗaukar dare a bakin fadama irin ta Ambursa. A yi shi, a tsorata 'yan kallo son rai. Amma kafin a rubuta "Alhamdulillah" a ƙarshe, a nuna masu direban da ya kwana biyu bai runtsa ba, da mai motar da ya hana kuɗin taya. Wanda zai yi tafiya kuma ya yi addu'ar sa, sannan ya dubi idon direba kafin ya biya kuɗin mota. In ya ga barci a ciki, gara ya kwana a tasha.

Allah ya jiƙan waɗanda su ka rasu a kan hanya, ya kai matafiya gida lafiya, amin.