Wasiƙa zuwa ga 'yata mai karatun labarin ƙasa

'Yata,

Mahaifiyarki ta ce kina ƙorafi wai darasin girman birane da yadda suke bazuwa a doron ƙasa ya ishe ki, duk zane-zanen Turawa ne. Ki ɗan saurare ni.

Bajamushen nan Walter Christaller, wanda ya fitar da littafinsa a 1933 kan garuruwan kudancin Jamus, tambaya biyu yake yi wa kowace haja. Masu saye nawa take buƙata kafin mai sayarwa ya ci riba? Kuma iya ina mutum zai yarda ya taka saboda ita? Ba mai hawa mota don gishiri ko ashana, shi ya sa kowane ƙauye yake da mai tebur. Mai neman sa na huɗa kuwa sai ya jira Juma'a ya tafi Wudil. Gwal ɗin lefe ko likitan ƙwaƙwalwa sai Kano, domin sai an haɗa jama'ar garuruwa da yawa kafin su riƙe sana'a ɗaya irin wannan. Daga nan ne ƙauyuka suka yi yawa kusa da juna, garuruwa suka ragu, manyan birane suka zama 'yan ƙalilan, nesa da juna. Zanen nan nasa mai kama da saƙar zuma iyakar abin da yake faɗa ke nan. Kasuwar mako-mako ma lissafin ɗaya ne: inda masu saye ba su isa a buɗe shago kullum ba, ɗan kasuwa ne yake ɗaukar kaya ya bi su.

Sai dai shi malamin, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ya ƙaddara, ba dutse ba kogi, ba sarki ba soja. Tamu kuwa ba haka take ba. Kano tana da tama a Dala da ƙasar noma mai riƙe mutane, ga kasuwar Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa, amma duk da haka a ƙarni na 18 Katsina ce kan gaba a fatauci. Yaƙe-yaƙen bayan jihadi suka karkato da ayari Kano, sannan layin dogo ya iso a 1911, gyaɗa ta biyo baya. Wancan dogon bai shiga birnin Katsina ba.

Labarin Nijar ya fi ba ni mamaki. Damagaram ce hedikwata har 1926, lokacin da Faransawa suka mayar da ita Yamai, wadda ƙaramin gari ce a bakin kogi. George Zipf ya ce a 1949 birni na biyu yakan kai rabin na farko, na uku sulusinsa. Yau babu birni a Nijar da ya kai rabin Yamai. Irin wannan ne Mark Jefferson ya bayyana tun 1939, birni ɗaya ya shanye sauran, kuma a nan alƙalamin gwamna ne ya yi aikin.

Ki nemi littafin Akin Mabogunje na 1968 kan biranen Najeriya, shi ɗan gida ne. In kin zo hutu, kawunki zai kai ki Wudil ki tambayi masu shanu daga ina kowa ya taso.

Allah ya yi miki albarka. Ƙannenki suna gaishe ki.

Mahaifinki.