Rufin Ɗaki Mai Kawo Kuɗi

'Yar uwa, ni dai duk abin da aka ce min saya zai biya kansa da kansa, sai na ɗauko biro da takarda tukuna, domin kuwa mu da ke riƙe da kuɗin cefane mun san yadda kwabo ke sulalewa. Shi ya sa labarin farantan sola na mutanen Birtaniya ya tsaya min a rai.

A watan Afrilu na 2010 gwamnatinsu ta fito da wani tsari, wai duk mai gidan da ya kafa sola a kan rufinsa, kamfanin wuta zai riƙa biyansa a kan kowane yunit da farantan suka samar. Ki lura fa, ko da a gidanki kika ƙone wutar sai an biya ki, sannan a ƙara miki ɗan wani abu a kan rarar da ta koma layin gari. Farashin farko kwabonsu 41.3 ne a kan yunit ga ƙananan gidaje (kwabo 100 ke yin fam guda), da alkawarin shekara 25, kuma babu haraji a kai.

To mu buga lissafi. Farantai masu ƙarfin kilowat 4 sukan ba da wajen yunit 3,400 a shekara, duk da hadarin da ba ya rabuwa da sararinsu. Kin ga fam 1,400 ke nan ba ki ɗaga ko tsinke ba. Kafawar a lokacin ta haura fam 10,000, amma kafin shekara 10 uwar kuɗi ta dawo, sauran shekarun duk riba ce. Wane adashi ne zai yi miki haka?

Ai kuwa sai jama'a suka yi caa, gwamnati ta ga abin zai fi ƙarfinta. A 2012 aka zabge farashin zuwa kwabo 21 ga sababbin shiga, aka mai da alkawarin shekara 20. A farkon 2016 ya gangaro kwabo 4.39. Farantan nan dai da ke kawo fam 1,400, ga wadda ta makara sun koma fam 150 da kyar. Gaskiya ne kuɗin kafawa ya faɗi ƙwarai a tsakanin nan, amma bai faɗi kamar yadda ladan ya faɗi ba. Ranar 31 ga Maris 2019 aka rufe ƙofar gaba ɗaya, waɗanda ke ciki kawai ake ci gaba da biya. Daga 2020 sai kowane kamfani ya yanka farashin da zai sayi rarar wutarki.

Nan ne fa hannun uwargida ya shigo. Tunda wutar da kike saye ta fi wadda kike sayarwa tsada, riba ta koma wajen mai amfani da tata da rana tsaka. Matar da ke gida, ta kunna injin wanki da hantsi, ta yi guga da azahar, ta fi cin moriya a kan gidan da kowa ke fita aiki sai dare. Ga kuma inbata, wadda ba ta kai tsawon ran farantan, tilas a ware kuɗin canza ta.

Abin da ke sosa min rai shi ne inda kuɗin ke fitowa. Ba daga baitulmali ba ne, a'a, a kan takardar kuɗin wutar kowa da kowa ake raba shi. Wato bazawarar da ke haya a bene, ba ta da rufin kanta balle fam 10,000, tana cikin masu biyan maƙwabcinta mai hali. Ni wannan bai kwanta min ba, ko da yake na yarda irin wannan tallafi, musamman na Jamus da ya fara tun 2000, ya taimaka wajen karya farashin sola har ta iso kasuwanninmu.

Marasa kuɗi kuma sai wasu kamfanoni suka zo musu da daɗin baki: a kafa miki kyauta, ki sha wutar rana, su kwashe ladan, amma rufinki yana hannunsu haya shekara 25. Da wasu suka tashi sayar da gidajensu, sai bankunan da ke ba masu saye rance suka riƙa ja da baya, har sai an warware maganar hayar rufin tukuna.