Yaron da Muka Ce Ƙyuya Ce Ke Damunsa



Da yawanku kun ba da gudummawa lokacin da muka zagaya da takarda saboda ɗan wani ɗan uwanmu mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, kuma kuna ta tambayar inda aka kwana. Ga bayani, da izinin mahaifinsa.

Yaron shekararsa 16, in an tashi makaranta yana taya babansa sauke kaya. Wata rana ya sunkuya zai ɗaga buhu, ƙugunsa ya riƙe. Mu manya muka ce yaro ina ya san ciwon baya, ƙyuya ce kawai. Allah Ya yafe mana. Aka yi ƙaho, aka je wurin mai ɗori, aka yi ta shafa man zafi. Kafin wata 3 ciwon ya sauka ta cinya har ƙafar hagu, yana tafiya a karkace, sallah ma sai a zaune.

Hoton ƙashi bai nuna komai ba, sai da aka yi na MRI. Likita ya ce ƙasusuwa 5 ne a ƙugun mutum, tsakaninsu akwai guringuntsi kamar matashi, bayansa da tauri, cikinsa da taushi. Wanda ke tsakanin na 4 da na 5 ne ya tsage, abin cikin ya ɓullo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Ashe ƙafar da muke ta gasawa lafiyarta lau. Ya ce ba kasafai ake ganin wannan a samari ba.

Sai da aka yi mako 6 ana magani da motsa jiki a asibiti. Ciwon bai lafa ba, babban yatsan ƙafar kuma ya fara ƙin ɗaguwa. Nan aka kawo maganar tiyata, nan kuma mahaifin ya kafe. A ganinsa duk wanda aka taɓa wa baya sai keken guragu, kuma gaskiya mu ma haka muka ɗauka.

Mu 3 muka raka shi wurin likitan. Ya nuna mana cewa laka tana ƙarewa ne sama da wurin da za a taɓa. Ba za a tsaga bayan ba. Ƙofar da za a buɗe ba ta fi gaɓar yatsa ba, a zura ɗan bututu yana ture tsoka gefe, a duba da madubin ƙara girma, a cire guntun da ya danne jijiyar kaɗai, a bar masa sauran guringuntsinsa. Ba a sa ƙarfe. Bai ɓoye mana ba cewa ciwon yana iya dawowa, wurin yana iya kamuwa da ƙwayar cuta, ana iya taɓa jijiya. Wannan gaskiyar ce ma ta sa uban ya sa hannu.

Washegari da safe muka tarar da yaron yana takawa a barandar asibiti. Ya ce ƙafar ta daina, ɗinkin ne kawai ke masa zafi. Yatsan dai har yanzu bai gama dawowa ba.

Likitan ya roƙe mu mu isar da saƙo: mai ciwon baya da fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya yi sanyi ba ya ji, a kai shi asibiti a ranar, kada a kwana.

Yaron ya koma makaranta. An hana shi ɗaukar nauyi sai likita ya ba da izini, mahaifinsa kuma ya ɗauki ɗan dako.

Sakataren Ƙungiya