Baranda a Waje Take Kwana

A shekarata ta farko a Miniyapolis na kafa ginshiƙan baranda yadda na saba gani a Kano: rami iya gwiwa, a zuba kankare. Da hunturu ya tsananta, ruwan da ke cikin ƙasa ya daskare, ya kumbura, ya ɗaga ginshiƙai biyu. Rufin da ke haɗe da bangon gida ya karkace.

Gidan bai motsa ba, domin harsashinsa na da zurfi, cikinsa kuma da ɗumi. Baranda kuwa a waje take kwana. Shi ya sa dokar gini a nan ta wajabta haƙa inci 42, ƙasa da inda daskarewar ke kaiwa. Da ƙanƙara ta narke, sai na sake haƙa, na biya kuɗin aiki sau biyu.