Kafin a nemi amsa, a tambayi amsoshi nawa ne

Duk tsarin miƙaƙƙun daidaito, wato jerin jumlolin lissafi irin su 2x + 3y = 3100 waɗanda ake son su tabbata a lokaci guda, ba ya wuce ɗayan hali uku: ko ba shi da amsa sam, ko yana da amsa ɗaya tak, ko kuma amsoshinsa ba su da iyaka. A shekarun da na yi ina koyar da ɗaliban ajin farko na jami'a, na lura mafi yawansu hali na biyu kaɗai suka yarda da shi. Idan aiki ya kai ɗalibi ga 0 = 0, ko ga 0 = 200, sai ya soke shafin gaba ɗaya ya sake daga farko, a zatonsa ya yi kuskure, alhali kuwa amsar ce ya soke.

Mu ɗauki misali daga kasuwar hatsi. A ce wani ya sayi tiya 2 ta gero da tiya 3 ta dawa a kan sefa 3100, muna son sanin kuɗin kowace tiya. Mu kira na gero x, na dawa y. Idan mai saye na biyu ya ce tiya ɗaya-ɗaya ya saya a kan 1300, magana ta ƙare: a ninka nasa sau biyu, a cire daga na farko, y ya fito 500, x kuma 800. Amma idan cewa ya yi ya sayi tiya 4 da tiya 6 a kan 6200, bai ƙare mu da kome ba, zancen na farko ya maimaita da babbar murya; da an cire sai a ga 0 = 0. In kuwa 6000 ya ce ya biya, ragowar ita ce 0 = 200, abin da ba ya yiwuwa. Ma'anarsa ita ce babu farashin da zai gaskata su duka biyu: ko an yi wa ɗaya ragi, ko wani ya manta abin da ya biya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dalilin da ya hana a sami amsa biyu cak. Jumla irin x² = 4 tana da biyu, wato 2 da −2, amma miƙaƙƙen daidaito ba ya yarda da haka. A duba jumlarmu ta farko: gero 800 da dawa 500 sun gamsar da ita, haka ma gero 500 da dawa 700. A ɗauki tsakiyarsu, 650 da 600, su ma sun ba da 3100. Tsakanin sabuwar amsar da kowace ta dā akwai wata tsakiyar, haka nan har abada. Da zarar amsoshi sun kai biyu, layin da ya haɗa su gaba ɗayansa amsa ne. Sai dai a kula, wannan hukuncin na lambobi ne da ba a ɗora musu sharaɗi ba. Idan aka ce dole farashi ya zama dala-dala cikakku kuma kada ya gaza sifiri, amsoshin za su ƙirgu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙirga jumloli a madadin ƙirga bayanin da ke cikinsu. Abin ƙirgawa shi ne darajar tsarin, wato yawan jumlolin da suka rage bayan an share duk wadda za a iya haɗawa daga sauran. A ƙirga ta sau biyu: da lambobin hagu kaɗai, sannan tare da na dama. In darajojin sun bambanta, babu amsa. In sun yi daidai kuma sun kai yawan adadin da ake nema, amsa ɗaya ce. In sun gaza, amsoshi ba iyaka. Wanda ya yi karatu da Faransanci ya san wannan ka'ida da sunan Rouché da Fontené, a littattafan Rasha kuma sunan Kronecker da Capelli take ɗauke da shi.

Matsalar ta girme su duka. A babi na 8 na tsohon littafin lissafi na ƙasar Sin mai suna Babi Tara, wanda ya kai kimanin shekara 2000, akwai tambayar gidaje biyar masu rijiya ɗaya. Igiya 2 ta gidan farko da ɗaya ta na biyu sun kai ruwa, igiya 3 ta na biyu da ɗaya ta na uku sun kai, haka har igiya 6 ta na biyar da ɗaya ta na farko. Jumloli biyar ke nan, abin nema shida, domin zurfin rijiyar ma ba a faɗa ba. Littafin ya ba da zurfi 721, igiyoyi kuma 265, 191, 148, 129 da 76. Amsa ce ta gaskiya, amma ninkinta biyu ma amsa ce, haka ma rabinta.

Akwai kuma wani hali da ka'idar ba ta gargaɗi a kansa, shi ne na jumlolin da suka kusa zama maimaici. A haɗa 2x + 3y = 3100 da 4x + 6.01y = 6205: amsa ɗaya ce, y = 500. A ƙara sefa ɗaya tak, 6205 ya koma 6206, sai y ya tashi zuwa 600, x ya faɗo 650. A takarda darajar ta cika, amsar kuma ɗaya ce; amma wanda lambobinsa daga sikeli ko ma'aunin awon fili suka fito, ba zai iya dogara da ita ba sai ya samo wani awon da ya sha bamban da na farko.