Abin da sunan Festac ke tuna mana

'Yan'uwa, da yawanmu a nan Legas muna shiga unguwar Festac ba tare da sanin cewa don saukar baƙin biki aka gina ta ba. A 1977 gwamnatin Obasanjo ta zuba kuɗin mai, ta gayyato makaɗa da mawaƙa daga ƙasashe sama da 50, har da Miriam Makeba da Stevie Wonder, aka kuma yi hawan daba a Kaduna. So ake duniya ta ɗauki Najeriya uwa ma ba da mama ga baƙar fata, kuma a ganinmu an ci rabin nasara. Sai dai Fela ya ƙi shiga, yana caccakar gwamnati a Shrine, baƙin kuwa can suke zuwa da dare. Kwana 6 da rufe biki sojoji suka ƙona gidansa, Kalakuta.